Hukuncin Kotun Turai Da Ƙa'idojin Tafiya Da Kare Ko Kyanwa A Jirgin Sama

A ranar 16 ga Oktoban 2025, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa dabbar gida da aka ɗora wa jirgin sama tana cikin rukunin kaya ne a idon doka, ba fasinja ba ce. Shari'ar ta samo asali ne daga wata karya da ta kuɓuce daga kejinta a filin jirgin Buenos Aires na Ajantina a shekarar 2019, yayin da ake kai ta jirgin kamfanin Iberia mai zuwa Sifaniya. Ba a sake jin ɗuriyarta ba. Mai ita ta nemi diyyar Yuro 5,000. Kamfanin ya amince da alhakin ɓatan, amma ya tsaya a kan cewa abin da zai biya ba zai wuce iyakar diyyar kayan fasinja ba. Kotu ta goyi bayan wannan fahimta.

Hukuncin ya dogara ne da Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ma ta amince da ita. A yanzu, mafi yawan diyyar kayan da suka ɓata ko suka lalace bai wuce kimanin Dala 2,000 ba ga kowane fasinja, sai fa idan tun wurin awon kaya mutum ya bayyana cewa abin da ya miƙa ya fi haka daraja, ya kuma biya ƙarin kuɗi in an nema. Duk da cewa hukuncin a ƙasashen Tarayyar Turai yake aiki kai tsaye, kamfanonin yankin na cikin masu jigilar 'yan Najeriya daga Abuja da Legas.

Diyya kuwa ita ce maganar ƙarshe. Kafin a kai ga nan, akwai shinge biyu da matafiyi zai tsallake: na kamfanin jirgi da na ƙasar da za a sauka.

A ɓangaren kamfanoni, nauyi ne ma'auni na farko. Lufthansa da Air France da Turkish Airlines suna barin ƙaramin kare ko kyanwa su zauna tare da fasinjoji idan nauyinsu haɗe da jakar ɗauka bai wuce kilo 8 ba, kuma a cikin jakar dabbar za ta kasance har a sauka. Wadda ta fi haka, sai ma'ajiyar kaya ta ƙarƙashin jirgi, cikin kejin da za ta iya miƙewa, ta juya, ta kwanta, kamar yadda ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta tanada. Emirates ba ya barin kare ko kyanwa cikin fasinjoji, ban da karen da ke yi wa makafi jagora. Kamfanoni da dama kuma sun daina saka karnuka da kyanwowi masu gajeren hanci a ma'ajiyar kaya, domin numfashinsu kan sarƙe idan zafi ko firgici ya yi yawa.

Amurka ta ƙara tsananta nata tsarin. Shekaru da dama fasinjoji suna shiga jirgi kyauta da dabbobin da suke cewa suna kwantar musu da hankali, har wata mata ta isa filin jirgin Newark da dawisu a 2018, kamfanin United ya hana shi shiga. Daga Janairun 2021, Ma'aikatar Sufurin ƙasar ta taƙaita wannan gata ga karnukan da aka horar domin taimaka wa masu buƙata ta musamman. Italiya kuwa sassautawa ta yi a 2025, inda hukumar jiragen samanta ta ba kamfanoni damar ɗaukar manyan karnuka a cikin fasinjoji bisa sharuɗɗa.

Shinge na biyu shi ya fi yi wa matafiyi daga Najeriya tsauri, kuma dalilinsa ɗaya ne: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke ɗauka. Amurka, wadda ta kawar da nau'in cutar da ke yaɗuwa tsakanin karnuka tun 2007, ta dakatar da shigar da karnuka daga ƙasashe sama da 100 a Yulin 2021, bayan yawaitar takardun rigakafi na jabu. Najeriya na cikinsu.

Daga 1 ga Agustan 2024, duk karen da zai shiga Amurka sai ya kai wata shida, an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an kuma cike masa fam na hukumar CDC. Idan a ƙasa irin Najeriya aka yi masa rigakafi, sai likitan dabbobi na gwamnati ya tabbatar da takardar, sannan a sauka a filin jirgin da ke da cibiyar duba dabbobi mai rajista. In babu sakamakon gwajin jini daga ɗakin gwajin da aka amince da shi, za a killace karen kwana 28, mai shi ne kuma zai biya. Wannan doka ba ta shafi kyanwa ba.

Tarayyar Turai kuwa kare da kyanwa duka ta haɗa. Bayan na'urar shaida da rigakafi, sai a jira aƙalla kwana 30 kafin a ɗebi jini, sannan a ƙara jiran wata uku kafin tafiya. Ke nan ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ko iyalin da ke shirin ƙaura, suna buƙatar aƙalla wata huɗu. A Birtaniya kuma, dabbar za ta sauka ne a matsayin kaya mai takardar jigila ta daban, ban da karnukan taimako.

Idan aka auna waɗannan ƙa'idoji, za a ga cewa kuɗin tikitin dabba ba shi kaɗai ne abin da ake kashewa ba. Babban nauyin yana zuwa ne daga matsayin da aka ba ƙasar da aka taso, kuma tsabtar kare ɗaya ko ingancin takardunsa ba sa sauya wannan matsayi. Masana lafiyar dabbobi sun daɗe da nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwar cutar, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya. Najeriya na da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke sarrafa allurar. Matuƙar rigakafin bai kai ga karnukan farauta da na gadi a ƙauyuka da unguwanni ba, sunan ƙasar zai ci gaba da zama a jerin masu haɗari, yara kuma za su ci gaba da mutuwa daga cizon da allura za ta iya karewa.