Kaza a kan dami: Allon wasa da sanin saitinsa

Wasannin harbi na kwamfuta, irin su Counter-Strike 2 da Valorant da Call of Duty, sun daɗe da fita daga sahun shagalar yara. Manyan gasa ake shiryawa a kansu a Jamus da Amurka da Saudiyya, ana raba kyaututtukan miliyoyin daloli. Matasanmu da suka soma da PUBG Mobile a waya, wasunsu yanzu suna tara kuɗi su sayi allon kwamfuta mai tsada, da zaton tsadar ce ke kawo nasara. Sai dai rashin sani kan sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Allo ba motsi yake nunawa ba, tsayayyun hotuna yake jerowa da sauri har ido ya ɗauke su motsi. Mai lamba 60Hz yana sabunta hoto sau 60 a sakan ɗaya, wato tazarar milisakan 16.7 tsakanin hoto da hoto. Mai 144Hz ya rage ta zuwa kusan 7, mai 240Hz kuwa zuwa 4 da 'yan kai. Idan abokan hamayya biyu suka yi kiciɓis a lungu, wannan 'yar tazara tana iya raba wanda ya harba da wanda aka harbe. Abin takaicin shi ne, manhajar Windows takan bar sabon allo a kan 60Hz har sai mai shi ya shiga saitin nuni ya ɗaga lambar da kansa. Tsohuwar wayar HDMI ma takan tauye saurin, shi ya sa masana suka fi son DisplayPort. Haka nan in kwamfutar ba ta iya samar da hotuna 144 a sakan, allon ba zai ƙirƙiro su ba. Gara a rage ƙawar inuwa da hayaƙi a cikin wasan.

Sai batun jinkiri. Saitin V-Sync yana hana hoto tsagewa gida biyu, amma yana ƙara tazara tsakanin motsin hannu da abin da ido ke gani, don haka 'yan gasa kan kashe shi. G-Sync na kamfanin Nvidia da FreeSync na AMD sun fi shi dabara, domin allon ne ke bin takun kwamfutar. Akwai kuma Overdrive, mai gaggauta sauyin launi don kada abu mai gudu ya bar inuwa a bayansa. In aka ƙure shi, sai wani farin zane ya maye gurbin inuwar. Matsakaici ya fi.

Duhu ma abokin gaba ne. Allunan BenQ Zowie suna da Black eQualizer, na LG kuma Black Stabilizer, masu haskaka wurare masu duhu ba tare da ƙone masu haske ba. A ɗaga su daidai yadda za a hango mai laɓe, kada a kai ga hoton ya koɗe. Ƙwararru da yawa a Counter-Strike sukan zaɓi ma'aunin 1280x960 su miƙe shi ya cika allo, domin jikin abokin hamayya ya yi faɗi. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu: gefen fili yana raguwa, maharin kuma sai a ga kamar ya fi sauri. Kwaikwayo babu fahimta asara ce.

Ido kuwa ba a sayen sabo a kasuwa. Hasken allo ya dace da na ɗaki, musamman da dare idan an ɗauke wuta. Likitocin ido na ba da shawarar a ɗaga kai duk bayan minti 20, a dubi abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon sakan 20.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya sauya saiti ɗaya tak a lokaci guda, ya gwada, sannan ya wuce gaba. Saiti ba ya maye gurbin atisaye, amma yana hana na'ura cin amanar hannu. Matashin da ya saba tambayar me ya sa kafin ya taɓa maɓalli, ya samu tarbiyyar da za ta yi masa rana a aji da wurin aiki.