A Bar Ƙannenmu Su Dunƙula Daƙuwar Sallah

Ƙaramar Sallah ta ƙarato, kuma mun san abin da zai faru a gidaje: Inna da Yaya za su kafa kasko su yi ta suyar cincin da dubulan, yara kuma a kore su waje don kada mai ya fallatsar musu. Korar tana da dalili, ga zafin bazara ga tafasasshen mai. Amma mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida muna ganin bai kamata a ce duk rabon yaro a shirin Sallah shi ne ya karɓi barka da Sallah ya kai wa mai kanti ya sayo biskit ba.

Akwai kayan ƙwalam da yaro ɗan shekara 6 zai sa hannu a ciki ba tare da ya kusanci murhu ba, kuma babbansu daƙuwa ce. Babba shi zai soya gyaɗa da aya tun da safe ya bari su huce. Daga nan aikin na yara ne: su murje ɓawon gyaɗar, su bushe shi a faifai, a zuba a turmi da garin ayar, sukari, ɗan gishiri, citta da kanumfari, mai son yaji ya ƙara barkono. A yi ta daka har man gyaɗar ya fito, garin ya kama jikinsa, sai kowa ya dunƙula nasa. Na ƙaramin ƙane ba zai yi kyan gani ba, amma ku lura, shi zai fara miƙa wa Kaka. In sukari ya yi tsada, a cire ƙwallon dabino a daka shi da gyaɗar, zaƙinsa ya isa.

Wasu za su ce daƙuwa abin ƙauye ce, baƙon Sallah biskit da lemon kwalba yake so. To, wannan gyaɗar da ake rainawa, ita da auduga ne suka sa aka jawo layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929. Har gobe ana auna ta da tiya a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Kuɗin biskit yana tafiya kamfani, kuɗin gyaɗa yana tsayawa hannun manomi, wataƙila ma mahaifin wanda kuke zama benci ɗaya da shi. Sannan kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, daga Katuru har Zurmi. Iyaye da yawa ba sa barin yara su yi nisa da yawon Sallah. Yaron da aka tsare a gida yana bukatar abin yi.

Ku kuma samari masu cewa daka aikin mata ne, mai tsire da mai shayi da mai burodi duk maza ne, ba wanda ya yi musu dariya. Taɓarya ba ta rage wa kowa girma.

Iyaye mata suna da gaskiya a batun tsafta. A wanke hannu da sabulu, a yanke farce. A zauna a tsince gyaɗar, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canja launi a zubar, domin tana iya ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Kada a bar yaron goye da ƙwayar gyaɗa a hannu, tana shaƙe su.

Roƙonmu ga Malamar Tattalin Gida: a ba mu darasi ɗaya kafin hutu. Kowane aji ya kawo gwangwani 2 na gyaɗa da ɗaya na aya, mu za mu aro turmi. Tunda ana azumi, kowa ya ƙulle nasa a leda ya kai gida a ɗanɗana bayan shan ruwa.