Daɓe Kafin Rairayi

Duk wanda ya tashi a Fagge a zamanin keken haya, lokacin da yaro kan tara 'yan kwabbai don ya sami zagaye biyu ko uku, ya san cewa makarantar hawa biyu ce: akwai ta kwalta, a miƙaƙƙun layukan Sabon Gari da aka yanka tun wajen 1913, akwai kuma ta lungu, inda ruwan damina kan tara rairayi ya bar shi yana dakon mai gaggawa. Ni kaina a kwalta na koya, har na zaci na ƙure fannin, sai ranar da na karya kwana daga France Road na afka cikin rairayi, kan keken ya ƙwace mini, na damƙe birkin gaba, ban farga ba sai ga ni shame-shame a ƙasa, dattawan dakali suna yi mini sannu suna danne dariya.

Wannan mas'ala ce dai ke tasowa a duwatsun Faransa da Suwizalan, tsakanin masu koyon zamiya a kan ƙanƙara: shin a fara a hanyar da inji ya daɓe cikin dare, ko kuwa a sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi kamar gari? Illar kuwa ɗaya ce da tamu. A daɓe, abin da ƙafa ta umarta nan take ƙasa ke amsawa, saboda haka mai koyo yana gane kuskurensa. Amma a laushi sai an sassauta riƙo, an rage nauyi daga gaba, an kuma riƙe gudu, domin wanda tsoro ya sa ya lafa shi ne ke nutsewa.

A ganina malamanmu na zaure sun daɗe da yanke hukunci, domin ba a taɓa ɗora almajiri a kan littafin Muhtasar bai ratsa Ahalari da Risala ba, haka kuma wanda ya tsaya a Ahalari ba a ba shi izinin fatawa. Aibin da nake gani a yau shi ne na biyun: uba ya miƙa wa ɗansa makullin babur don ya ga ya kai Kantin Kwari ya dawo lafiya, alhali yaron bai taɓa jin taya tana rawa a ƙarƙashinsa ba.

Nasihata ga iyaye ita ce a fara a daɓe, amma kafin a saki makulli, a kai yaro filin rairayi da sassafe, ya faɗi inda faɗuwa ba ta wuce kakkaɓe riga, tun bai haɗu da rairayin gefen titi a gaban tirela ba.