DAGA BAKIN ALLO: Baƙin Garin Da Ke Cikin Injin Fotokofi

Wannan watan za mu ajiye maganar aji, mu leƙa wani wuri da kowanenmu ke shiga, wato shagon fotokofi. A nan Malanville babu takardar da ke tafiya ita kaɗai. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun kwastan na fatake da direbobi, takardun yaranmu masu zaman jarrabawar CEP da BEPC, kowace sai an yi mata kwafi biyu ko uku. Mu malamai ma can muke kai tambayoyin gwaji, don ya fi mana sauƙi bisa ga rubutu a allo.

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne, kwanan baya mun shiga wani shago, muka tarar da wani tsohon ɗalibinmu ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya buɗe kwanson tawadar injin, yana ɗura masa baƙin gari daga kwalba. Wanda ya zube a gefe, sai ya sa baki ya hure shi. Ƙofa a rufe saboda ƙurar hunturu, fanka kuwa tana juyawa. Muka ce masa, "Ɗana, ba ka tsoron wannan abu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai gawayi ne kawai. Da yamma in na fyace hanci yakan fito baƙi, shi ke nan." Wannan amsa ita ta hana mu barci.

To, mene ne wannan gari da ake kira tona? Ba tawada ba ce irin ta allo. Yawancinsa roba ce da aka niƙe lilis, aka gauraya da baƙin kunkunniya na masana'anta, wani kuma har da garin ƙarfe. In aka raba milimita ɗaya gida dubu, ƙwayarsa ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 ba, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai kusan kashi 70. Injin yana jera garin a kan takarda da ƙarfin lantarki, sa'an nan ya gasa shi da zafin da ke kusan digiri 200, robar ta narke ta manne. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya gano dabarar a 1938, kamfanin Xerox kuma ya fito da injin da ya yaɗa ta a duniya a 1959.

Kada mu tsorata kowa a banza. Wanda ya riƙe takardar fotokofi ya karanta, babu abin da zai same shi, domin garin ya riga ya daskare. Haɗarin yana kan wanda ke wuni da injin, musamman mai ɗura garin da hannu. A 1996 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan baƙar kunkunniya a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa mutum ciwon daji, ta kuma sake tabbatar da haka a 2006. Kafin nan, a 1994, mujallar likitoci ta Lancet ta buga labarin wata mata a Sifaniya da ta yi shekaru tana aiki a shagon fotokofi, aka sami ƙurar garin ta taru a huhunta. A 2007 kuma masana a birnin Birisben na Ostireliya suka auna injunan buga takarda 62, suka tarar 17 daga ciki suna fitar da ƙura mai yawa, wadda ido ba ya gani, amma tana ratsawa har can cikin huhu. Ban da ƙura, tsofaffin injuna suna fitar da wata iska da ake kira ozon. Ita ce mai kaifin warin nan da kan sa ciwon kai da yajin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro. Ga shi kuwa yawancin injunan da ke isowa wurinmu na hannu ne, sun tsufa tun kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano.

Akwai kuma inda abin ya shafi kowa. Ina takardun da suka lalace ke zuwa? Hannun masu ƙosai da soyayyen kifi da tsire. Robar nan tana fara laushi tun daga wajen digiri 60, ƙosan da ya fito daga mai kuwa ya fi haka zafi nesa. Wanda ya taɓa ganin rubutu ya shata a jikin ƙosansa, ya san abin da muke nufi. Yaranmu na makaranta su ne suka fi cin irin wannan.

Kwanson tawada da ya ƙare kuma, ko a jefa shi a juji a cinna masa wuta, unguwa ta shaƙi hayaƙin roba, ko a wurga shi a kwata. In damina ta zo, ruwa ya kwashe ragowar garin, ina ya nufa in ba kogin Kwara ba? Kogin nan shi ne muke sha, shi ne ke shayar da shinkafarmu da albasarmu, daga shi masunta ke kawo kifi, mu da 'yan'uwanmu na Gaya. Bayan abin kunyar da ya faru a Koko ta Nijeriya a 1988, inda aka jibge sharar guba daga Italiya, ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana shigo da irin wannan shara. Ba daidai ba ne mu hana baƙo zuba mana guba, mu kuma mu riƙa zuba wa kanmu kaɗan-kaɗan.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. Mai shago ya ajiye injin kusa da taga ko ƙofa, kada ya zauna daidai inda iskarsa ke fita. Ɗurin gari a yi shi a waje, inda babu yara, da takunkumi a hanci da safar hannu. Wanda ya zube kada a hura, kada a share da tsintsiya. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. In ya taɓa hannu ko riga, a wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da shi yake ya manne. Kada a ci abinci kusa da inji, kada a kwana a shagon. Kwanson da ya ƙare a ɗaure shi a leda a tara, ko a mayar wa mai sayarwa, ban da ƙonawa. Iyayenmu masu ƙosai kuma, don Allah ku sa wa mai saye a kwano ko a farar takarda. Wanda tari ya ƙi sakinsa har mako biyu, ya je asibiti, ya kuma gaya wa likita irin sana'arsa.

Mun koma wurin ɗalibin namu bayan mako guda, muka tarar ya fitar da teburinsa ƙarƙashin rumfa, da takunkumi a fuska. Ya ce, "Malam, har yanzu ba ka daina ba ni aikin gida ba." Allah ya yi masa albarka, ya ba mu lafiya baki ɗaya. Sai wata mai zuwa, in muna da rabon ganawa.