Lafiya Uwar Jiki: Gyaran zuciya da gyaran tsohuwar mota

Filin lafiya na wanga wata ya zo da labarin wani manomi na ƙasar Tasawa. An yi ma shi aiki a zuciya, ya komo gida, ya yi jinya a gindin wata tsohuwar mota.

Mutumen ya ba shekara 45 baya. Da ƙuruciya ya yi karen mota, ya zama direba tsakanin Maradi da Damagaram, daga baya ya koma gona. Bayan gidanshi, ƙarƙashin wani iccen bedi, akwai wata Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda direbobi ke kira bashe. Ta fi shekara 10 ba ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse cikin rairayi. Kaji na yin ƙwai a kujerar direba, awaki na kwana ƙarƙashinta.

Yadda ciwo ya faro

Da farko gajiya ce. In ya yi noma kaɗan sai shi tsaya shina haki. Daga nan ƙafafu sunka fara kumbura. Da dare ba shi iya kwanciya sai ya jingina da bango. Wasu sunka ce sammu ne, wasu sunka ce iska. Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, ciwo na ƙaruwa. Da ƙyar ɗanshi babba ya kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinshi, ya ɗauki hoton zuciya, ya ce ƙyauren zuciya ne ya lalace.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana da ɗaki 4 da ƙyaure 4. Kowane ƙyaure na buɗewa jini shi wuce, kuma shi rufe don kada jinin shi koma baya. In babban mutum na hutawa, zuciyarshi na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda. A kwana ɗaya ta kan buga kamar sau dubu 100. In ƙyaure ya ƙanƙance, ko ya ƙi rufuwa, zuciya ta wahala, ruwa shi taru a huhu da ƙafafu.

Likita ya tambaye shi ko ya taɓa yin ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da yarinta. Ya ce ya yi, har anka kai shi wajen wanzami anka cire ma shi beli. Likita ya ce tushen abin ke nan. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama maƙogwaron yara, yawanci masu shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta da magani ba, ciwon na iya taɓa ƙyauren zuciya. Yaro shi warke a ido, ɓarna na tafiya a ɓoye, sai ya girma ta fito.

Aikin da anka yi ma shi

Bayan kaka anka kai shi wani babban asibiti nesa da gida. Dangi sun sayar da bisashe kafin kuɗin tafiya su cika. Likitoci sunka sa shi barci, sunka tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji. Sunka haɗa shi da wani inji mai yin aikin zuciya da na huhu na ɗan lokaci. Wani likitan Amurka, John Gibbon, shi ya fara cin nasarar aiki da irin wanga inji a 1953. Sunka cire ruɓaɓɓen ƙyaure, sunka sa na roba da ƙarfe. Sa'an nan sunka ɗaure ƙashin ƙirji da waya. Wayar nan ba a cire ta, tana zama cikin jiki.

Ranar sallama likita ya ce: "Baba, fata na warkewa da wuri, amma ƙashi sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin shi haɗe. Kada ka ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Kada ka ja guga, kada ka tuƙa mota. In za ka yi tari, ka rungume matashin kai a ƙirji. Kuma kullum ka yi tafiya, yau kaɗan, gobe ka ƙara."

Kilo 5 bai wuce tiya 2 ta hatsi ba. Bidon mai lita 20 cike da ruwa ya ninka shi sau 4.

Zaman gida ba daɗi

Ya iso gida cikin ɗari. Sati na farko ƴan gaisuwa sun cika zaure. Sati na biyu kowa ya koma ga hidimarshi. Sai mutumen ya shiga ƙunci. Ba shi son abinci, ba shi son magana. Da dare shina jin sabon ƙyauren na ƙas-ƙas kamar agogo, barci shi ƙaurace ma shi. Ya ce wa matarshi: "Ni kam na zama kayan ɗaki." Irin wanga baƙin ciki na samun mutane da yawa bayan babban aiki. Ba rashin imani ba ne, kuma shina wucewa. In ya daɗe, a gaya wa likita.

Wata safiya ya fita tafiyar da likita ya sa shi. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bedi ya gaji, ya dafa bashe shina hutawa. Ya share ƙura da hannu, ya ga launinta na da. Ya kira ɗanshi ya ce shi buɗe ma shi bakin inji.

Maƙwabta sunka yi dariya. Wani ya ce: "Malam, ka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, ka rage bashi." Ya ce: "Ba don kuɗi ba ne. Ni ma ai kun ce na gama, ga ni tsaye. Bari in ga ko ita ma za ta tashi."

Motar ba ta raini ba ce. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a 1960. A 1975 ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a Kenya an ci gaba da haɗa 404 har 1991. Injinta ba wuyar sha'ani, direban da ya san aikinshi na iya kwance shi da kayan hannu. Don haka ta yi farin jini a hanyoyin kasuwannin ƙauye.

Ya fara da aikin zaune. Anka shimfiɗa ma shi tabarma a inuwa. Ɗanshi ke kwancewa, shi ke wankewa. Ya goge buji 4 ɗaya bayan ɗaya. Ya warware karbirato cikin faranti, ya jera ƙananan notuna bisa tsumma don kada su ɓace cikin ƙasa. Ya bi wayoyin da ɓeraye sunka ci, ya ɗaura sabbi. Kullum ya gama sallar safe sai shi kewaya motar. Ran farko sau 2, bayan sati guda sau 10. Daga nan ya fara isa masallaci, har ya kai bakin kasuwa. Abinci ya fara shiga, barci ya komo.

Ranar da gaggawa ta kusa ɓata aiki

Cikin sati na 4 ɗanshi ya tafi Maradi neman kayan gyara. Mutumen ya ji ƙarfi a jikinshi. Ya dubi batir ajiye a ƙasa, ya ce a ranshi wanga ɗan abu ba sai ya jira kowa ba. Batirin mota ya fi kilo 10. Ya sunkuya ya ɗaga. Nan take ya ji wani abu ya motsa tsakiyar ƙirjinshi, zafi ya soke shi, ya saki batir ya zauna.

Matarshi ta fito da gudu. Ya ce kada ta gaya wa kowa. Ta ce: "Malam, shanu nawa anka sayar saboda ƙirjin nan? Ba naka ba ne kai kaɗai." Ta aika anka nemo mota, sunka tafi asibiti a ranar.

Likita ya duba, ya ɗauki hoto. Allah ya kiyaye, waya ba ta tsinke ba. Amma ya ƙara ma shi makonni na hutu, ya ce: "Baba, kai direba ne. In an gyara inji sabo, ana ɗora ma shi buhu 20 a hau tudu ran farko?" Mutumen ya ce: "A'a likita, a hankali ake tafiya da shi har shi saba." Likita ya ce: "To, haka ƙirjinka shike. Da ƙashin ya rabu, sai an sake buɗe ka."

Tun daga ranar sunka raba aiki. Ido da kunne na uba, ƙarfi na ɗa. Taya, batir da duk notin da ya cije, ɗan ne ke kamawa. Yaron da bai san komi ga mota ba ya koyi sana'a a gindin bedi.

Maganin da ba a fashi

Mai ƙyauren ƙarfe na shan wani magani, warfarin, har iyakar rayuwarshi. Shi ke hana jini daskarewa bisa ƙyauren. In ya yi kaɗan, jini na iya daskarewa shi toshe ƙyaure, ko shi kawo shanyewar jiki. In ya yi yawa, jini shi riƙa zuba. Don haka ake auna jini a kai a kai, likita shi ƙara ko shi rage. Mutumen ya ce ya gane, ai mai ne na inji, ana duba sanda kullum. Ɗanshi ya zana ma shi ranakun wata bisa takarda, in ya sha sai shi ja layi. Ya kuma sayi safar hannu, don ɗan yankan ƙarfe na daɗewa bai tsaya da jini ba.

Ana cikin bazara, wata 5 bayan aiki, sunka zuba isansi. Yara sunka tura. Ta yi tari, ta mutu. Sunka sake turawa, ta yi tari, ta mutu. A karo na uku ta kama, hayaƙi ya turnuƙe, kaji sunka watse, mata sunka yi guɗa. Likita ya riga ya ba shi izinin tuƙi. Ya shiga, ya kai ta bakin gona a hankali, ya komo. Kafin ruwan shuka ta kwashe taki zuwa gonarshi da ta maƙwabcin nan da ya ce a sayar.

Abin da ya kamata a riƙe

1. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Penisilin na kashe ƙwayar cutar. Cire beli ba shi kashe ta. A shanye magani duka, ko yaro ya ji sauƙi.

2. Haki, kumburin ƙafa da kasa kwanciya, alamun ciwon zuciya ne. A je da wuri.

3. Wanda anka yi wa aiki shi yi tafiya kullum, shi bar kaya mai nauyi sai likita ya yarda. Dangi su samo ma shi ɗan aikin hannu da shike so, kamar tufka ko saƙar tabarma.

4. Shi rage gishiri, shi bar taba. Kada shi sha asfirin, ko maganin ƴan talla, ko na gargajiya, sai ya tambayi likita. Zogale da sauran ganye ba a hana shi ba, amma shi ci daidai yadda ya saba.

5. Zazzaɓi, mugunya a bakin ɗinki, motsin ƙashin ƙirji, haɓo, jinin dasashi ko baƙin kashi, duk a koma asibiti ba jinkiri.

Har yanzu akwai saura ga motar. Ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, fenti ma bai samu ba. In an tambayi mai ita yaushe za shi gama, sai shi yi dariya shi ce: "Sannu ba ta hana zuwa."

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, shi ba masu jinya haƙuri. Sai wata mai zuwa.