Motar Asibiti Ba Ta Ɗaukar Gawa Kaɗai Ba Ce

Jama'ar Suleja, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko, fiye da mutum 80 suka rasu. Mun yi ta'aziyya, mun watse. Me ya canza?

Har yau in hatsari ya auku a titin Abuja zuwa Kaduna, ko naƙuda ta kama mace da tsakar dare, Keke Napep muke nema. A cusa mai karyayyen wuya a ciki, gargada ta ƙarasa shi kafin asibiti. Motar asibiti kuwa, sai za a ɗauki gawa muke tunawa da ita.

Wasu na cewa ai 'yan siyasa suna raba motocin. Motar da ba mai, ba iskar numfashi, ba ma'aikacin da ya iya tsayar da jini, tasi ce mai jiniya.

Muna neman gwamnatin Neja ta girke motoci da horarrun ma'aikata a Dikko da Madalla, kuma in an kira 112 a ɗauka. Mu kuma direbobi, in mun ji jiniya, mu ba da hanya. Wataƙila naka ne a ciki.