An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

  

Duk lokacin da aka buɗe makarantu akan turo mana sababbin malamai, galibinsu samari da 'yan mata waɗanda wannan ne aikinsu na fari. Malami ya shiga aji ɗaya, ya yi sallama, yara su amsa da ƙarfi, domin sallama tun a bayan uwa suka san ta. Sai ya ce da Larabci a buɗe littafi, wane ya fito gaban allo. Aji ya yi tsit. Ya maimaita, ya ɗaga murya, wani ma ya ɗauki tsumagiya. Kafin mako ya ƙare an yanke hukunci a ɗakin malamai cewa yaran Hausawa ba su da kai. Kafin wata ya cika, takardar neman canjin wuri ta isa hannun shugaban makaranta.

Wannan hukunci zalunci ne, kuma ba za mu yi shiru a kansa ba. Yaron da ake kira daƙiƙi ya san sunan kowace akuya ta gidansu, yana ƙidaya kuɗi a kasuwa, ya haddace surori a halwa, wato makarantar allo. Abin da ya hana shi magana a aji shi ne an tare shi da harshen da bai gama kamawa ba. Shi ma malamin ba shi ne tushen laifin ba. An aiko shi ba a gaya masa harshen da ake yi a gidajen ɗalibansa ba, ga albashi mai jinkiri, ga rashin masauki. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya mamaye Jazira daga Disambar wannan shekara har farkon 2025, ya ƙara dagula lamarin, don yanzu ɗan shekara 6 da ɗan shekara 9 kan haɗu a benci guda, dukansu sababbin shiga.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maganar wasu daga cikinmu masu cewa magani shi ne a daina yi wa yara Hausa a gida. Subhanallah! Iyayenmu da suka biyo Muhammadu Bello Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka tsaya a hanyar Hajji suka yi aikin auduga a gandun Jazira tun daga 1925, sun koyi Larabci har sun yi limanci da shi, ba su kuwa binne harshensu ba. Da wace hanya suka koya? Malam ya rubuta a allo da Larabci, ya warware da Hausa. Haka ake tafsiri a watan azumi har gobe: mai jan baƙi ya ja, malam ya fassara. Nana Asma'u 'yar Shehu da Hausa da Fillanci ta karantar da mata, alhali ita gwana ce a Larabci.

Masana na waje ma a nan suka tsaya. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara karantar da yaro da harshen uwa. A Ile-Ife ta Nijeriya, daga 1970, an gwada koyar da yara shekara 6 da Yarbanci, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. A nan Sudan, da aka kafa makarantar horon malamai ta Bakhtar Ruda a 1934, da gangan aka ajiye ta a karkara kusa da Duwaim, don malami ya san rayuwar ƙauyen da zai je. Ina wannan hikima ta tafi?

Kada wani ya juya mana magana. Larabci harshen Alƙur'ani ne, harshen ƙasarmu ne, da shi 'ya'yanmu za su zauna jarrabawar shahada. So muke su ƙware a cikinsa, shi ya sa muke neman a shigar da su ta ƙofa, a daina jefa su ta katanga.

Ga masu rarraba malamai muna cewa: a ba aji ɗaya malamin da ke jin Hausa. Muna da 'ya'ya da suka gama jami'a suna zaune ba aiki. Wanda ba ya ji kuwa, a sanar da shi tun kafin ya hau mota.

Ga dattawan kowane ƙauye: baƙonka annabinka. A tarbi sabon malami, a ba shi ɗaki da akushi, limami ya gabatar da shi a masallaci. A zaɓi saurayi ko budurwa mai harshe biyu ya zauna tare da shi a aji kwana 40 na farko. A rubuta masa kalmomin da zai bukata: zo, zauna, saurara, ka gane, madalla.

Ga sabon malami kuma: ranar da ka ce wa yaro "sannu" da harshen uwarsa, za ka ga hannuwa sun fara tashi. Kada ka rubuta takardar tafiya sai ka gwada wannan.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.